Wanda aka danne, duka ne ke warkar da shi? Muhawara kan Fanon, Sawaba da kashin dankali

Malam Na Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu sauƙi. Na gama karanta littafin ƙarshe na Frantz Fanon, wanda ya fito a 1961 dab da mutuwarsa. Ga wanda bai san shi ba, baƙar fata ne ɗan tsibirin Martinik, an haife shi 1925, ya yi wa Faransa soja a yaƙin duniya na biyu, ya karanta likitanci, a 1953 aka tura shi asibitin masu taɓin hankali na Blida a Aljeriya. Shekara guda da zuwansa yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, sai ya zamana ana kawo masa wanda aka gana wa azaba, ana kuma kawo masa wanda ya gana azabar, duk shi ke duba su. A 1956 ya ajiye aikin, a 1957 ya bi 'yan FLN, ƙungiyar da ke yaƙin neman 'yancin Aljeriya, zuwa Tunis.

Abin da yake cewa a farkon littafin shi ne mulkin mallaka da bindiga ya shigo, da bindiga yake zaune, kuma ba ya jin wani yare sai na ƙarfin da ya fi nasa. Har ya ce ranar da wanda aka danne ya ɗaga hannu ya rama, ranar ne yake wanke kansa daga jin cewa shi ba kowa ba ne. Amma ni ba nan ne ya kama ni ba. Inda ya kama ni shi ne da ya ce kafin wanda aka danne ya iya taɓa ubangidansa, kan ɗan'uwansa yake fara sauke fushin. Wallahi da na zo wurin sai da na ajiye littafin. Shekara 19 ina koyarwa. Akwai ranar da wani babba daga ofis ya zo ya ci min mutunci a gaban ɗalibaina saboda na tambayi albashinmu na wata uku, ban ce masa uffan ba, kaina a ƙasa ina ranka ya daɗe. Bayan ya tafi ko awa guda ba a yi ba wani yaro ɗan aji biyu ya zubar da tawada a kan rajista, na kama shi da bulala na yi masa dukan da har yau ina ganin yadda yake kare fuskarsa da littafinsa. Ba tawada na daka ba, na sani.

To tambayata ita ce, da a ce ranar mutumin na mara ba yaron ba, da na warke kamar yadda Fanon ya ce? Ko kuwa hannun da ya saba duka ba ruwansa da wa yake duka?

Kwamared:
Malam da ka mare shi wallahi da yaron nan ya tsira. Ni ina tare da Fanon ɗari bisa ɗari. Shekara 132 Faransa ta yi a Aljeriya, tun 1830, an rubuta takardun koke an shiga zaɓe an yi duk ladabin da ake so, me ya fito? Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke bikin gamawa da Hitler, mutanen Setif suka fito da tutarsu suna neman nasu 'yancin, abin da ya biyo baya kisan dubban mutane ne. Amma da aka ɗauki makami a 1954, shekara takwas ba ta cika ba Faransa ta naɗe tabarmarta. Ko Mandela da ake ta kawo mana misali da shi, ai bayan an harbe mutum 69 a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a 1960 shi ya jagoranci kafa reshen soja na jam'iyyarsu ta ANC a 1961. Haƙuri haƙuri kullum talaka ake wa wa'azinsa, ban taɓa jin an tara masu mulki an ce su yi haƙuri da cin zali ba. Tura ta kai bango kawai.

Maman Ilham:
Ƙanena Kwamared, ka karanta littafin har ƙarshe kuwa? Don yawancin masu ɗaga Fanon babin farko suka tsaya. Je ka babin ƙarshe, nan ne likita ya yi magana ba ɗan siyasa ba, ya jero marasa lafiyar da ya duba. Akwai sufeton 'yan sanda Bafaranshe da aikinsa shi ne azabtar da mutane a wurin bincike, ya dawo gida yana jibgar matarsa da 'ya'yansa har da jariri, kuma abin da ya zo nema wurin likita shi ne a taimaka masa ya ci gaba da aikinsa ba tare da abin ya dame shi ba. Akwai kuma yara biyu 'yan Aljeriya, ɗan 13 da ɗan 14, da suka kashe abokin wasansu ɗan Turawa, ba abin da ya yi musu, su da kansu suka ce abokinsu ne. Waɗannan fa ɓangaren waɗanda aka zalunta ne. Ina wankewar take?

Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin 'yan haɗari. Na sha ɗinke matan da mazajensu suka dawo daga bakin daga, wata na ɗinke mata gira da leɓe cikin dare tana roƙona kar in rubuta gaskiyar abin da ya faru, tana cewa wallahi da ba haka yake ba, tun da ya dawo ne ko ƙarar murfin tukunya ya ji sai ya zabura. Shi ma mijin yana waje a zaune a ƙasa yana kuka. Ban ga wanda duka ya warkar ba a cikin su biyun.

Kwamared:
Anti na ji, kuma ban raina abin da kika gani ba. Amma wa ya fara? Yaran nan biyu a cikin me suka tashi? Ba Fanon ne ya koya musu kisa ba, sun buɗe ido sun ga ana kashe nasu ne.

Maman Ilham:
Ban ce su suka fara ba. Cewa na yi ko kai ke da gaskiya, abin da ka aikata yana bin ka gida.

Barista:
Bari in shigo da wata mata cikin maganar, Hannah Arendt, Bayahudiya 'yar Jamus da ta gudu daga Hitler a 1933, don ba za a ce mata ba ta san zalunci ba. A 1970 ta fitar da ɗan ƙaramin littafi kan wannan batu, kuma ita ma ta lura cewa Fanon ya fi masoyansa shakkar abin. Inda ta dosa shi ne muna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba, iko daban, ƙarfin makami daban. Mao ya ce iko daga bakin bindiga yake fitowa, ita ta ce a'a, bindiga tana iya sa ka yi biyayya nan take, tana iya rusa iko, amma ba ta iya haifar da shi. Iko yana samuwa ne in mutane suka yarda suka haɗu kan abu guda. Ko azzalumin sarki sai da masu yi masa biyayya, ɗan sandan da zai harba, akawun da zai rubuta, direban da zai tuƙa. Ranar da aka ce harba soja ya ƙi harbawa, magana ta ƙare. Saboda haka a wurinta gwamnatin da ta koma kullum sai harbi, alama ce ikonta ke zubewa. Mu ma ai muna da shi, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sannan Kwamared, Aljeriya da ka kawo, a fagen daga fa sojan Faransa bai sha kashi yadda kake zato ba, a siyasa aka kayar da su, duniya ta juya musu baya, mutanensu a gida suka gaji, labarin azabtarwa ya fito fili. Kuma ka duba me ya biyo baya, jam'iyya ɗaya, juyin mulki a 1965, sannan da soja suka soke zaɓe a 1992 aka shiga shekaru ana yanka juna.

Kwamared:
Barista ita Arendt ɗin ai da bakinta ta ce da Gandhi da Hitler ko Stalin ya haɗu ba Ingila ba, da kisan kiyashi za a yi a wuce wurin. Ko ba ta faɗa ba?

Barista:
Ta faɗa, ba zan ɓoye ba. Ba ta ce makami ba ya aiki ba ko kaɗan, cewa ta yi ka san inda ka fara amma ba ka san inda zai tsaya ba.

Ɗan Ƙonni:
Ku yi mani haƙuri in sa baki, don mu nan Nijar mun gwada wannan abu da kuke muhawara a kai, ba a littafi munka karanta shi ba. Ku kuna da Sawaba taku, mu ma muna da tamu ta Djibo Bakary. A ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, shi ya ce a ce wa De Gaulle, jagoran Faransa, a'a kamar yadda Gine ta yi, Faransa ta sa ƙarfinta duka anka kada shi, 1959 anka haramta jam'iyyar. To mi ya rage musu? An rufe ƙofar zaɓe, an rufe ta magana. Sai samari sunka fita, wasu Gana wasu Aljeriya wasu har Sin, sunka koyo harbi. A ƙarshen 1964 sunka shigo ta iyakoki ƙungiya ƙungiya da tunanin talakawa za su tashi su bi su. Ba a tashi ba. Wasu ma mutanen ƙauye ne sunka kama su sunka miƙa, saboda tsoro ko saboda an ce musu 'yan ta'adda ne. An harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A 1965 anka jefa wa shugaban ƙasa Diori gurneti wurin sallar idi, shi bai mutu ba, wasu ne abin ya shafa. Daga nan sai kame, duk wanda anka taɓa gani da ɗan Sawaba ya shiga uku.

Kakata har ta rasu in anka ambaci sunan jam'iyyar nan sai ta rage murya ta dubi ƙofa, shekaru bayan komi ya wuce. Ƙanenta yana cikin waɗanda sunka tafi, ba ta sake ganinsa ba, kuma ba ta taɓa yarda a ce ya yi laifi ba. Ni ma ban ce ya yi ba. An zalunce su, wannan ba gardama. Amma bindiga tasu ba ta kawo sawaba ba, ta dai ba gwamnati hujjar murƙushe kowa. Kuma wanda ya kada Diori a 1974 ba su ba ne, sojansa ne.

Baba Alhaji:
Allah ya jiƙan kakarka ɗana. Ni shekarata ta haura saba'in, jikata ke rubuta min wannan. Mahaifina tela ne kuma ɗan NEPU tun farkonta, an kafa ta 8 ga Agusta 1950 a Kano. Yara ku daina zaton rashin ɗaukar makami tsoro ne. Na ga bayan mahaifina da idona, shatar bulala ce a jere, an yi masa ita ne a gaban alƙali saboda ya tsaya a kasuwa ya yi maganar haraji. Ya dawo gida mahaifiyata tana gasa masa baya da ruwan zafi yana cije haƙori, kwana uku ya koma wurin lacca. Abin da Malam Aminu ya koya musu shi ne ka daina faɗuwa ƙasa, ka dubi hakimi a ido ka ce a'a, in an ɗaure ka ka shiga. Gambo Sawaba mace ce, sau nawa aka ɗaure ta, ta fasa? Wannan wankewar da Malam Na Fagge yake tambaya, ni na gan ta a fuskar ubana kuma bai mari kowa ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ba a yi faɗa ba, an yi, da aka sako musu 'yan Mahaukata, 'yan bangar masu mulki, su ma samarinsu sun kare kansu. Kuma ba su ci mulki ba a lokacin. Amma a 1979 da PRP ta ci Kano da Kaduna aka soke haraji da jangali, ranar mahaifina yana zaune a kan keken ɗinkinsa ya ji a rediyo, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya daɗe bai yi magana ba.

Kwamared:
Baba Allah ya ƙara girma, ba zan yi jayayya da bayan mahaifinka ba. Amma shekara 29 fa kenan daga 1950 zuwa 1979. Mutum nawa suka mutu suna jira? Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne in talaka ya jefa dutse kowa ya ga tashin hankali, amma in mace ta mutu wurin haihuwa saboda babu jini babu likita babu hanya, sai a ce kwana ne ya ƙare. Wani masani ɗan Norway, Johan Galtung, tun 1969 ya ce wannan ma kisa ne, tsari ne ya yi shi, kawai dai babu wanda za ka nuna ka ce ga mai wuƙar. To in haka ne zaman lafiyar da ake ce mana mu kiyaye, lafiyar wa?

Abu Sumayya:
Kwamared wannan tambaya taka tana da nauyi, kuma addini bai ce ka kira zalunci da sunan zaman lafiya ba. Annabi SAW ya ce mafificin jihadi shi ne faɗar gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Ka lura, faɗa aka ce, kuma a gabansa, ba a bayan ido ba. Malamanmu sun daɗe da maganar cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Amma Malam Na Fagge, amsar tambayarka Ibn Khaldun ya taɓo ta tun ƙarni na 14, kuma kan malamai ma ya yi maganar. A Muƙaddima ya ce tsananta wa ɗalibi cutar da shi ne, yaron da ya tashi cikin duka da tsawa yakan koyi ƙarya da munafunci da ɓoye abin da ke ransa don tsoron hannu, kuma ya ce haka yake faruwa ga al'umma guda in ta daɗe ƙarƙashin danniya. Ya kuma ce wanda aka rinjaya kullum yana kwaikwayon wanda ya rinjaye shi, a sutura da ɗabi'a da komai. To ka haɗa biyun. In ubangidanka da bulala ya mulke ka, ranar da ka samu dama surar mulkin da ka sani kenan.

Kuma ba sai mun je Aljeriya ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, yana cikin manyan jagororin jihadi, amma ana tsakiyar yaƙi ya ga yadda wasu suka karkata ga neman mulki da dukiya da ƙwaraƙwarai, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, a Kano aka tsayar da shi, nan ya rubuta musu littafi kan yadda ake shugabanci. Mutumin da ya yarda da dalilin yaƙin ne fa, ya kuma ga abin da nasara ke yi wa mutane.

Barista:
Ustaz ka taɓo inda Fanon da kansa ya fi ƙarfi a ganina. Akwai babin da ya yi kan 'yan bokon da za su gaji Turawa, ya ce za su zauna a kujerun ne kawai su zama dillalai, jam'iyya ta koma kayan tsoratar da jama'a, shugaba ya dinga tuna wa mutane tarihin gwagwarmaya don su yi shiru. A 1961 ya rubuta wannan, yawancin ƙasashenmu ko shekara biyu ba su yi da tuta ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Sannan ga lissafi ga mai son lissafi. Erica Chenoweth da Maria Stephan sun tattara gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka samu waɗanda ba su ɗauki makami ba sun yi nasara kashi 53 cikin ɗari, masu makami kashi 26. Dalilin da suka bayar mai sauƙi ne, tsohuwa da gurgu da ɗan kasuwa duk suna iya shiga yajin aiki, amma daji sai saurayi mai ƙarfi, kuma soja ya fi saurin juyawa in ya ga uwarsa a cikin taron.

Kwamared:
To Sudan fa? Sun yi duk yadda kuke so, hannu biyu a sama suna silmiyya silmiyya, wato cikin lumana, Bashir ya faɗi a Afrilun 2019, ranar 3 ga Yuni aka buɗe musu wuta a wurin zaman dirshan a Khartum, 2021 soja suka ƙwace abin, 2023 masu bindigar suka juya kan juna suka ruguza ƙasar. Masu yawa sun yi nasu, masu ƙarfi suka cinye.

Ɗan Ƙonni:
Gaskiya ne, kuma abin yana da ciwo. Amma dubi su wa ke ƙona Sudan ɗin, rundunar da gwamnati ta ƙirƙira da hannunta don ta yi mata maganin 'yan tawayen Darfur. Ita ma ranar da anka ba su bindiga an ce don a kawo ƙarshen fitina ne.

Maman Ilham:
Ni duk wannan manyan sunaye na ji, amma hankalina yana kan yaron nan mai tawada. Kashin dankali muke yi, na sama ya danne na ƙasa har a kai kan wanda ba shi da kowa a ƙarƙashinsa, kuma kusan kullum yaro ne ko mace ko almajiri ko 'yar aiki. Ba wanda ya taɓa kiran abin da ake musu da sunan danniya a lacca. Malam don Allah me ya faru da shi daga baya? Ka taɓa ba shi haƙuri?

Malam Na Fagge:
Hajiya ban ba shi ba a lokacin, girman kai ya hana ni, wai malami ba ya ba ɗalibi haƙuri. Abin da na lura kawai shi ne ya daina ɗaga hannu a aji, yaron da da shi ke fara amsa tambaya, ya koma layin baya har ya gama. Kwamared, na yi ta juya maganarka cewa da na mari mutumin da yaron ya tsira. Wataƙila ranar ya tsira. Amma mu goma sha ɗaya ne malamai a makarantar, dukkanmu ana bin mu albashin nan, dukkanmu muna tsaye aka ci min mutunci, ba wanda ya yi tari, ni ma da wani aka yi wa haka zan yi shiru. Da mu sha ɗayan nan mun ajiye alli mun fito tare mun tsaya a bakin ofis, ban san ko za a biya mu ba, amma na san ba zan shiga aji da wannan wutar a ƙirjina ba.

Yaron yanzu yana da shagon gyaran waya a kasuwa. Bara na kai masa tawa ba tare da na san shi ne ba, ya miƙe tsaye ya gaishe ni da hannu biyu, ya gyara ya ƙi karɓar kuɗi. Akwai wani ƙaramin yaro da ke koyon aiki a wurinsa, ya kawo abin kunce waya ba wanda aka ce ya kawo ba, sai na ga ya daka masa tsawa ya ɗaga hannu, yaron ya kare fuskarsa. Bai dake shi ba, ina ganin don ina wurin ne. Na fito ban iya cewa komai ba.

Baba Alhaji:
Malam kasuwar tana da nisa da kai ne?

Malam Na Fagge:
A'a Baba, hawa ɗaya ne a adaidaita. Ranar Asabar ba ni da aji.